Tun Ran Gini Ran Zane: Raddi Ga Masu Ganin Tsara Cikin Gida Ƙawa Ce Kawai

Akwai wata magana da ta zauna a bakin masu gini a Lafiya, tun daga ma'aikacin gwamnati da ke tsakurar albashi yana aza bulo a Tudun Gwandara har zuwa ɗan kasuwar da ke ɗora bene a hanyar Shendam. Da zarar an ce musu akwai masu sana'ar tsara cikin gini, sai su ce, "Ai wannan ƙawa ce. Bari mu rufa kwano tukuna. Labule da fenti Hajiya za ta zaɓa, sauran kuma kafinta da mai silin sun san aikinsu." Wasu su ƙara da cewa harkar masu kuɗin Abuja ce, wanda ke fama da kuɗin siminti babu ruwansa da ita.

Masu faɗin haka iyayenmu ne da yayyenmu da suka san zafin nema, kuma suna da hujja. Abin da ake nuna musu da sunan wannan sana'a shi ne hotunan Instagram: falo mai fitilu kala-kala, kujerun Turkiyya, madubi daga sama har ƙasa. A garin nan in ka ce mai dekoreshan, wanda ke ɗaura yadi da furannin roba a ɗakin biki ake nufi. Akwai kuma waɗanda suka buga kati suka raɗa wa kansu suna, alhali iyakar aikinsu su raka mutum kasuwar kujeru ta Kugbo su karɓi la'ada ta bayan fage. Wanda ya ga waɗannan ya ce ƙawa ce, bai yi ƙarya ba. Inda na saɓa da su, cikin girmamawa, shi ne sun ga ƙarshen aikin sun ɗauka shi ne aikin gaba ɗaya.

Mai zanen gini shi ke fitar da siffar gida da yadda zai zauna a fili. Injiniya shi ke tabbatar da ba zai rushe ba. Mai tsara ciki kuwa daga mutanen gidan yake farawa. Mutum nawa za su kwana a ɗakin nan? Wa ke girki, kuma da gas ne ko gawayi ko itace? Akwai tsohuwa mai ciwon gwiwa? A ina baƙo namiji zai tsaya? Ina za a yi alwala, ina alƙibla, kada a dasa masai yana fuskantarta? Daga amsoshin nan yake fitar da zane mai awo, wanda ke nuna inda ƙofa za ta buɗe da ɓangaren da za ta buɗe, tsawon taga, mazaunin kowane soket da makunni, hanyar bututun ruwa, da irin abin da za a shimfiɗa a ƙasa. Kusan dukkan waɗannan ana yanke su ne kafin a yi filasta. In aka bari sai an gama, gyaransu sai da guduma. Magabata sun ce tun ran gini ran zane.

Mu ɗauki zafi, tunda shi ne babban maƙwabcin kowane ɗan Lafiya. Garin yana cikin kwarin Binuwai, kuma daga Fabrairu zuwa Afrilu, kafin ruwa ya sauka sosai, rana ba ta wasa. Ɗakin kwanan da aka ajiye a yamma, bangonsa yana shan rana tun daga azahar har magariba, sannan ya yi ta amayar da zafin cikin ɗaki har tsakar dare. A haɗa masa da tagar gilas mai zugewa, wadda komai faɗinta rabinta kaɗai ke buɗuwa, a kuma yi tagar a bango ɗaya tak ta yadda iska ba ta da mafita, a sauko da silin ƙasa saboda a yi masa ado hawa-hawa, a toshe tsakanin kwano da silin babu kafar numfashi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan zaɓi ne da wani ya yi, galibi ba tare da ya san ya yi ba. Wanda ya san aikin zai mayar da sito da banɗaki yamma su tare rana, ya kai ɗakin kwana inda inuwa take, ya sa tagogi biyu su fuskanci juna, ya bar silin da tsawonsa. Bai ƙara bulo ko ɗaya ba. Gaskiya ne tun da aka buɗe tashar wuta ta Akurba a 2022 lantarki ya ƙara samuwa a gari, amma wuta ba kyauta ba ce. A Afrilun 2024 an ɗaga kuɗinta ga 'yan rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta, zuwa naira 225 kowane yunit, ninki uku da ɗoriya a tashi ɗaya. Ɗakin da ba ya kwanuwa sai da na'urar sanyi bashi ne da mai gida zai yi ta biya duk wata muddin yana cikinsa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ake kallon sana'ar kamar baƙuwa, alhali mun gaje ta. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, cikinsa ne abin kallo: bakan gizon da ke tashi daga ginshiƙai su haɗu a sama, da zayyanar da aka fitar a jikin ƙasar tun tana ɗanya. A wurin maginan wancan zamani ginin da tsarin cikinsa aiki ɗaya ne. Ko gidan talaka ka duba. Ƙofar zaure ba ta saitin ƙofar shigifa, da gangan, don kada idon baƙo ya faɗa tsakar gida. Alkukin ajiye fitila a jikin bango ake barinsa tun ana gini. Daɓen da mata ke yi da tsakuwa da ruwan makuba yana hana ƙura, yana jure shara da ruwa. Ragaya tana nisanta ƙwarya da ɓera da kaji. Tsofaffin unguwannin da ke kewaye da fadar Sarkin Lafiya sun san wannan tsari, haka ma gidajen Eggon da Alago da Gwandara da Migili kowa da nasa hikimar ajiye rumbu da murhu da makwanci. Da bulo da siminti suka zo, sai muka ɗauko zanen gidan wasu muka bar wannan tunani a baya. Yanzu ga falo nan, baƙo yana zaune yana hango ƙofar kicin, matar gida ba ta da hanyar wucewa sai ta gabansa, sai ka ga an rataya labule a tsakiyar gida don a rufe abin da zane ya tona.

Wasu za su ce ai muna da 'yan jere. Haka ne, kuma ba na raina su. Gwaggo da inna da ƙawayen amarya da ke shiga ɗaki da hantsi su fito da yamma sun mayar da shi abin sha'awa suna da ido, suna da hannu. Sai dai ɗakin da aka ba su shi suke jerawa. Kowa ya taɓa ganin ranar jeren da gado ya ƙi shiga ƙofa sai da aka kwance shi, ko sif ya rufe rabin taga, ko kabet ta danne soket ɗaya tilo da ke ɗakin, aka jawo waya ta ƙarƙashin kafet. Uban amarya ya sayi kaya a kan awon da ba a yi ba, ango ya gina ɗaki bai san me za a sa a ciki ba. Babu wanda ya tsaya tsakaninsu da tef da takarda, kuma wannan tsayuwar ita ce sana'ar da muke magana a kai.

Kicin ya fi ko'ina nuna hakan. A 1926, a birnin Frankfurt na Jamus, wata mai zanen gini 'yar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ta nazarci zirga-zirgar mace yayin girki, ta fitar da kicin mai faɗin mita 1.9 da tsawon mita 3.4, aka gina kusan 10,000 irinsa a gidajen ma'aikata. Daga nan kicin mai kabet a jikin bango ya bazu duniya. A lura, don masu ƙaramin ƙarfi aka yi shi. Amma an auna shi ne a kan girkin Bajamushiya. Matar Lafiya tana daka sakwara, kuma tayil ɗin falo ba ya jure turmi, sai ya tsage. Tana tuƙa tuwon mutum goma sha, tukunyar ba ta zama a kan kanta mai tsawo, sai an sauko da murhu daidai yadda za ta samu ƙarfin muciya. Doya tana son iska, in aka kulle ta a kabet sai ta ruɓe. Buhun shinkafa da na gari suna son dakali da ƙofa mai rufuwa ruf, domin jiharmu ta Nasarawa ta san zazzaɓin Lassa kuma ɓera ke kawo shi. Katakon garin katako da ake yin kabet mai sheƙi da shi yana kumbura da danshin damina, gara kuma tana jiran duk icen da ba a yi wa magani ba. Tukunyar gas wurinta waje, a inuwa, inda iska ke kaɗawa. Hayaƙi kuwa ba ƙaramin abu ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020. Shi ya sa a gidaje da yawa za ka tarar da kicin mai kyau an kulle shi, girkin gaskiya ana yin sa a bayan gida ƙarƙashin 'yar rumfar kwano da aka kafa daga baya. An kashe kuɗi sau biyu, kuma ba a taɓa tambayar mai girkin ba.

Wannan ya kawo mu ga batun cewa harkar masu kuɗi ce. Ni a ganina mai kuɗi shi ne zai iya haƙura da ita, don in ya yi kuskure zai fasa ya sake, in ɗaki ya yi zafi zai ƙara na'ura. Wanda ke da ciki da falo da 'ya'ya biyar shi ne kowane taku na ɗakinsa ke da daraja. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Lafiya a 2011, ɗakunan hayar ɗalibai suka yi ta tsirowa a Gandu da Akunza. Ɗaki ne ƙarami da banɗaki da ɗan lungun girki, kuma a irinsa ɗan matsar da ƙofa zuwa kusurwa shi ke raba tsakanin ɗakin da ke ɗaukar katifa biyu da teburin karatu da wanda ba ya ɗauka. Mai gidan da ya biya a zana masa ɗaki ɗaya daidai, sai ya maimaita shi sau ashirin.

Sai batun rai. A Nuwamban 1942 gobara ta tashi a wani gidan rawa mai suna Cocoanut Grove a birnin Boston na Amurka, mutum 492 suka mutu. An lulluɓe silin da yadi, an yi ado da itatuwan bogi masu cin wuta, babbar ƙofar mai juyawa ce ta cushe da mutane, wasu ƙofofin an kulle, wata kuma ciki take buɗewa. Bayan wannan ne aka tsaurara dokar cewa ƙofar wurin taro waje za ta buɗe, a sa alamar mafita mai haske, a hana adon da ke kama wuta. Yanzu a tuna ɗakunan bikinmu ranar Asabar: yadi daga bango zuwa bango, wayoyin fitilu a ƙarƙashinsa, ƙofar baya an ja mata kwaɗo don kada 'yan gayyar soɗi su shigo. A tuna silin roba da ke narkewa yana ɗiga da hayaƙi mai guba, da gidajen da kowace taga an yi mata ƙarfe an haɗa da walda, babu ko ɗaya mai buɗuwa daga ciki, da janaretan da ake ajiyewa a baranda dab da tagar masu barci. Mai tsara ciki da ya amsa sunansa waɗannan yake fara dubawa kafin ya yi maganar launi.

Kuma sana'ar ba ta tsaya a gidan zama ba, tana da rassa, kowanne da iliminsa. Tun da Lafiya ta zama babban birnin jiha ranar 1 ga Oktoban 1996 ake gina ma'aikatu da bankuna da otal-otal da makarantu da asibitoci, kuma kowannensu yana da ciki. Mai tsara ofis yana lissafin inda jama'a za su jira da inda takardu za su zauna. Mai tsara shago ya san abin da za a sa a saitin ido da hanyar da mai saye zai bi. Akwai wanda haske kaɗai ya ƙware a kai, akwai mai zana kujeru da gadaje, akwai mai shirya ɗakunan da ake ɗaukar fim.

Reshen asibiti shi ne ya fi nauyi. A 1984 wani mai bincike, Roger Ulrich, ya wallafa nazarin da ya yi a kan marasa lafiyar da aka yi wa tiyatar matsarmama a wani asibitin Pennsylvania. Waɗanda tagarsu ke kallon itatuwa sun riga waɗanda ke kallon bangon bulo komawa gida, kuma sun fi su ƙarancin buƙatar maganin ciwo mai ƙarfi. Taga ce kawai ta bambanta su. Ban da taga, akwai faɗin ƙofar da gadon turawa zai wuce, da ƙasan da ba ya santsi kuma ba shi da tsagar da datti zai maƙale, da wurin wanke hannu a inda ma'aikaciyar jinya za ta gan shi ba sai ta nema ba, da ɗakin keɓe mai cuta mai yaɗuwa wanda hanyar shigarsa daban take da ta fita. Akwai kuma abin da littattafan Turai ba su cika damuwa da shi ba. Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa, a asibitin Dalhatu Araf ne ko a ƙaramin asibitin kuɗi, ya san cewa a wurinmu mai jinya yana kwana tare da mara lafiya, da tabarmarsa da fulas da buta. Tsarin da bai ba shi wuri ba bai san mu ba.

Akwai reshen masu buƙata ta musamman, wanda yanzu doka ce ma. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, aka ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Gyaran nan awo ne. Gangaren keke ba ya wuce tashin mita ɗaya a cikin mita 12, wato dakalin da ya tashi santimita 30 yana buƙatar gangare mai tsawon mita 3.6. Ƙofa tana son kusan santimita 90, keke yana son fili mita ɗaya da rabi kafin ya juya. Gangaren da birkila ya zuba da ido, mai tsayi kamar na tura babur cikin shago, ya cika ido amma bai cika doka ba, kuma yana iya kifar da mutum. Lafiya tana da makarantar musamman da gwamnatin Tanko Al-Makura ta gina aka buɗe a 2018, don haka garin ya fi wasu sanin darajar wannan ilimi. Ajin kurame, alal misali, kujerunsa zagaye ake jera su don kowa ya ga hannun kowa, kuma ba a sa taga a bayan malami, domin haske zai duhunta fuskarsa da yatsunsa. Jami'ar kurame ta Gallaudet da ke Washington ta mayar da wannan fanni guda da ake nazari.

Wuraren ibada ma haka. Masallaci ko cocin da aka lulluɓe da tayil tun daga ƙasa har bango, sauti yana ta karo yana dawowa, na sahun baya ba ya fahimtar huɗuba, sai kwamiti ya ƙaro lasifika, abin ya ƙara dagulewa. Maganin yana jikin bango da silin da shimfiɗa. A garin Dandaji na jihar Tawa a Nijar, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci, suka mayar da tsohon na ƙasa ɗakin karatu, aka gama a 2018. Ba su rushe shi ba, cikinsa suka sake wa tsari da kantocin littattafai da wuraren zama, tare da maginan garin. Wannan ma reshe ne, na raya tsohon gini, kuma Arewa cike take da gine-ginen da ke jiransa.

Don haka iyayen da ɗansu ko 'yarsu ta ce wannan take so, kada a ce mata ta nemi aikin gaske. A 2007 aka kafa ƙungiyar masu wannan sana'a ta Najeriya, IDAN, kuma wadda ta assasa ta, Titi Ogufere, ta zama shugabar tarayyarsu ta duniya, IFI, a 2020. Hanyar shiga ba ɗaya ba ce. Wasu ta karatun zanen gini suke biyowa, wasu ta sashen zanen masana'antu irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke koyar da saƙa da rini da tangaran da gilas, wasu kuma daga shagon kafinta suke tasowa su koyi zane a kwamfuta. Ko ta ina aka biyo, dole a iya awo, a iya karanta zanen gini, a san halin kaya, a iya fitar da ƙiyasin kuɗi, a kuma iya zama da birkila da mai wayarin da mai famfo a gaya musu gaskiya ba tare da an ci musu fuska ba, domin "Oga, haka muke yi" ita ce amsar da za a fi ji a wurin aiki. 'Ya mace tana da wata dama da namiji ba shi da ita a gidajenmu: tana shiga har ɗaka, ta zauna da uwargida, ta ji abin da ba za a faɗa a gaban maigida ba. Abin da nake fata ga masu tasowa shi ne su daina kwafo Dubai. Jihar da ake wa kirari da gidan ma'adinai, mai marmara a yankin Toto da duwatsu a Akwanga da Nasarawa Eggon, ga masu saƙar tabarma da maginan tukwane a ƙauyukanta, ba ta rasa abin da za a yi aiki da shi ba.

Ga mai niyyar gini kuma, lokacin kiran mai tsara ciki shi ne sa'ad da zanen yake kan takarda, kafin a kai shi hukumar raya birane ta jiha a buga masa hatimi, ko aƙalla kafin a ɗora linta. Ba sai an ba shi kwangilar gidan duka ba. Ana iya biyansa kuɗin shawara da zane kawai, a zauna da shi da uwargida da birkila da mai wayarin, a bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya. A nemi ya ba da zane mai awo wanda ya nuna gado da sif da kujeru a mazauninsu, da takardar kaya mai farashi, a kuma tambaye shi kai tsaye ko yana karɓar la'ada daga masu sayar da kayan da ya zaɓa, a rubuta amsar cikin yarjejeniya.